Komawa golf bayan dogon hutu: tambayoyi da amsoshi kan direba da sandunan wud

Wanda ya jingine jakar golf shekara biyu, ko biyar, ko goma, ranar da ya dawo yakan tarar gajerun sanduna sun ɗan gane shi, dogayen kuwa sun yi masa tawaye. Tambayoyin nan su ne masu dawowa suka fi yi kan direba, doguwar sandar da ake bugun farko na rami da ita, da sandunan wud masu bi mata a tsawo, wato wud 3 da wud 5 da wud 7. Bayanin duka na mai bugu da dama ne. Bahago sai ya juya, inda aka ce hagu ya ɗauka dama.

Me ya sa ayon, wato sandar ƙarfe, ya dawo mini da wuri amma direba ta ƙi?

Tsawo ne da kwanciyar fuska, wato yadda gefen kan sanda mai dukan ƙwallo ya jingina baya. Direbar zamani takan kai inci 45 zuwa 45 da rabi, wasu ma sun ɗara haka, alhali ayon mai lamba 7 yana wajen inci 37. Ƙarin inci 8 ɗin nan yana nisanta ka da ƙwallo, yana faɗaɗa da'irar da kan sanda ke bi, yana kuma ƙara masa gudu. Ta fannin fuska kuwa, ayon 7 yana da kwanciyar digiri 30 zuwa 34, direba galibi tsakanin 9 da 12. Fuskar da ta kwanta sosai tana sa ƙwallo juyin baya mai yawa, juyin bayan kuma yana danne lanƙwasa. Fuskar direba kusan a tsaye take, shi ya sa ba ta rufa wa kowa asiri. Karkatar digiri 2 ko 3 da ayon zai haɗiye, direba sai ta kai ka cikin bishiyoyi da ita.

Jiki yakan riƙe siffar kaɗa sanda shekara da shekaru. Abin da ke kwancewa a lokacin hutu shi ne saiti: ƙugu ya fara, kafaɗa ta bi, hannu ya iso, fuska ta daidaita daidai lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Saukowar sanda daga sama zuwa ƙwallo kimanin sulusin daƙiƙa take ɗauka, ko ƙasa da haka. Babu mai iya tunani a wannan ɗan tsakanin, maimaici ne kawai ke mayar da saitin.

Da wace sanda zan fara ranar farko?

Ba da direba ba, duk da na san ita hannunka zai fara kaiwa. Ɗauko mafi gajarta cikin sandunan ƙarfe, ka yi rabin kaɗawa, ƙwallo 10 ko 15, sannan ka hau ayon 8 ko 7. In ka fara jin ƙwallo tana fita daga tsakiyar fuska, sai wud 5 ko wud 7, ka ɗora ƙwallon kan ɗan turken da ake soka a ƙasa don ɗaga ta, amma ƙasa-ƙasa. Direba ta zo daga ƙarshe, bugu 8 ko 10, da ƙarfin da bai wuce kashi uku cikin huɗu ba.

Ƙwallo 40 zuwa 50 sun wadatar. Kantar tafin hannu ta tafi, bororo zai fito tun kafin ka gaji, kuma da zarar gajiya ta shigo duk abin da kake maimaitawa mugun hali ne kake koya wa jikinka. Gara ka zo sau uku a mako ka ɗan taɓa, da ka zo sau ɗaya ka zubar da kwando biyu.

Nisan buguna ya ragu sosai. Zai dawo?

Mafi yawansa zai dawo, kuma ba ta hanyar ƙara ƙarfi ba. Nisa daga abu uku yake fitowa: gudun kan sanda, wurin da ƙwallo ta taɓa a fuska, da kusurwar da ta tashi tare da yawan juyinta. Mai dawowa yakan ɗora laifin kacokan kan gudu, alhali na biyun ne ya fi cin yadi.

Ga lissafin. Idan aka buga a tsakiyar fuskar direba, ƙwallo takan fita da gudun da ya ninka na kan sanda sau ɗaya da rabi. Kan sanda mai gudun mil 90 a awa zai iya fitar da ƙwallo a mil 135. In bugun ya kauce tsakiya har ninkin ya faɗo zuwa 1.35, ƙwallon za ta fita a wajen mil 121. Kowane mil ɗaya na gudun ƙwallo kusan yadi 2 ne a iska, ka ga an yi asarar fiye da yadi 20 ba tare da ƙarfinka ya ragu ko kaɗan ba.

Dubi matan da ke buga gasar LPGA, ta ƙwararrun mata. Matsakaicin gudun direbarsu yana wajen mil 94 zuwa 96 a awa, bai fi na matsakaicin namiji mai wasan sha'awa da wani abin kirki ba, wanda nasa ke wajen mil 93. Amma su sukan kai yadi 250 ko sama, shi kuwa yana fama a wajen 215. Bambancin tsakiyar fuska ne da kyawun tashi.

Sai abu biyu da ke ruɗa mutane. Ƙwallayen filin atisaye sun sha duka, wasu ma da gangan aka yi su don kada su yi nisa, saboda haka kada ka auna kanka da su. Na biyu kuma, nisan da kake tunawa kana yi a da, yawanci na bugu ɗaya ne da ka yi ranar da iska ke bayanka kuma ƙasa ta bushe. Kowane ɗan golf haka yake, ba kai kaɗai ba.

Yaya zan san inda ƙwallo ke taɓa fuska?

Wannan ita ce tambayar da na so a ce kowa ya fara yi. Fesa wa fuskar direba hodar ƙafa irin ta feshi, ko ka shafa ta da alƙalamin farin allo mai gogewa. Buga ƙwallo 5, ka duba tambarin da suka bari. Mutane da yawa sukan sha mamaki, domin suna jin kamar tsakiya suke bugawa, tambarin kuwa duk ya taru a gindin ƙota, wato gefen fuska da ke kusa da inda jikin sanda ya shiga kan.

Wurin taɓawa yana canja hanyar ƙwallo, ba nisa kaɗai ba. In ta taɓa gefen waje, can nesa da ƙota, kan sandar yakan murɗe ya buɗe, ƙwallon kuma ta ɗauki juyi kishiyar nasa, ta lanƙwasa hagu. In ta taɓa gindin ƙota sai akasin haka, ta lanƙwasa dama. Shi ya sa masu ƙera direba da wud ke yi wa fuskar ɗan tudu daga gefe zuwa gefe, domin bugun gefen waje ya fara fita dama sannan juyin ya dawo da shi tsakiya. Daga sama zuwa ƙasa ma haka abin yake: bugun saman fuska yana tashi sosai da ƙaramin juyi, na ƙasan fuska yana fita ƙasa-ƙasa da juyi mai yawa, ya hau iska ya faɗo kusa. Wurin da ake nema shi ne tsakiya, ko sama da tsakiya kaɗan.

Amfanin sanin wannan shi ne kada ka gyara abin da bai lalace ba. Mutum zai iya shafe wata yana canja riƙo da tsayuwa don maganin lanƙwasa dama, alhali duk matsalarsa gindin ƙota ce. In haka naka yake, kafa wani turke inci ɗaya daga wajen ƙwallon, ka riƙa bugawa ba tare da ka taɓa shi ba. Ko ka sauko da riƙonka inci ɗaya ƙasa a mariƙi. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Ina zan ajiye ƙwallo, kuma yaya tsayin turke zai kasance?

Ga direba, ƙwallo ta kasance daura da cikin dunduniyar ƙafar hagu. Buɗe ƙafafu su ɗan zarce faɗin kafaɗa. Tsayin turke kuwa, in ka ajiye kan direba a ƙasa bayan ƙwallo, rabin ƙwallon ya leƙo sama da rufin kan. Wanda ya bar wasa tun zamanin ƙananan kawuna zai ga wannan tsayin ya yi yawa. Bai yi ba, kawunan ne suka girma.

Abin da aka fi mantawa shi ne karkatar jiki. Tunda hannun dama yana ƙasa da na hagu a mariƙi, kafaɗar dama dole ta fi ta hagu sauka, gangar jiki ta ɗan jingina nesa da inda ake nufi, kai yana bayan ƙwallo. Wannan tsayuwar ce ke ba kan sanda damar wuce mafi ƙasan da'irarsa kafin ya iso ƙwallo, ya same ta yana hawa. A alƙaluman da kamfanin TrackMan mai ƙera na'urar auna bugu ya wallafa, matan LPGA suna haɗuwa da ƙwallo kan sanda yana hawa da wajen digiri 3, mazan gasar PGA kuwa kusan a kwance, har ma da ɗan sauka. Su mazan gudu ya yi musu yawa, suna da abin sadaukarwa. Mai dawowa daga hutu matan ya kamata ya kwaikwaya.

Ka lura da kafaɗu. Idan ƙwallo tana gaba, hannun dama yakan miƙa ya jawo kafaɗar dama waje, sai ka tarar ƙafafunka suna kallon tsakiyar fili amma kafaɗunka suna kallon hagu. Ajiye sanda a ƙasa daidai yatsun ƙafa, ka sa wani ya ɗora wata a ƙirjinka, ka ga ko sun tafi tare.

Ƙwallona kullum sai ta lanƙwasa dama. Mene ne magani?

A fara da yadda abin ke faruwa. Inda fuska ke kallo lokacin haɗuwa shi ne ke yanke kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na inda ƙwallo za ta fara nufa. Lanƙwasa kuwa daga saɓani take fitowa tsakanin inda fuska ke kallo da hanyar da kan sanda ke bi. In kan yana yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, wato yana tafiya hagu, fuska kuma tana kallon dama da wannan hanyar, ƙwallo za ta lanƙwasa dama. Iyakar girman saɓanin, iyakar girman lanƙwasar.

Nan ne mutane ke yi wa kansu tarko. Ƙwallo ta tafi dama, sai mutum ya ƙara nufar hagu. Ƙara nufar hagu yana ƙara yankan, yankan yana ƙara lanƙwasa, gobe kuma ya ƙara nufar hagu.

Fara da fuska, wato da riƙo. In ka kalli hannunka na hagu a mariƙi, ya kamata ka ga gaɓoɓin bayan hannu biyu zuwa uku. Tsagin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, a hannu biyun duka, ya nufi wajen kafaɗar dama. Ka riƙe da yatsu, kada sandar ta kwanta a tsakiyar tafi. Bayan dogon hutu riƙo yakan zame ya koma inda ya fi daɗi, kuma inda ya fi daɗin yawanci shi ne mai barin fuska a buɗe. Sabon riƙon zai yi maka bambaraƙwai kwana biyu, ka daure.

In fuska ta gyaru, za ka ga ƙwallo ta fara tafiya hagu kai tsaye, ko ma ta lanƙwasa hagu. Kada ka tsorata, alamar ci gaba ce. Yanzu ne lokacin gyara hanya. Ajiye rigar kan direba a ƙasa, daga wajen ƙwallo kuma ɗan baya kaɗan, yadda in ka yanko daga waje za ka doke ta. Ka ɗan dakata a sama kafin ka sauko, ka bar nauyi ya koma ƙafar hagu tukuna, bayanka yana kallon inda ake nufi na ɗan lokaci fiye da yadda ka saba. Wanda ya fara da gyaran hanya ya bar fuska a buɗe, ƙwallonsa za ta fara dama ta ƙara lanƙwasa dama, kwana uku ya yi fushi ya koma gidan jiya.

Wani lokaci ƙwallo takan tashi sama sak ta faɗo gabana, har ta bar tabo a rufin direba.

Kan sandar ne ya sauko a tsaye ya shige ƙarƙashin ƙwallo. Kusan kullum dalilin shi ne kai da ƙirji sun riga ƙwallon wucewa gaba. Rage tsayin turke zai ɓoye matsalar ne kawai. Koma kan karkatar jiki da aka faɗa a sama, ka tsayar da kanka bayan ƙwallo har sai ta tafi.

Wud daga kan turke ba laifi, amma daga ƙasa sai in daki saman ƙwallo ta yi ta birgima. Me ke jawo haka?

Ƙoƙarin ɗaga ƙwallo. Mutum ya kalli fuskar wud 3, ya ga kusan a tsaye take, ƙwallo kuma tana zaune a ciyawa, sai zuciyarsa ta ce masa in bai taimaka ba ba za ta tashi ba. Sai ya jingina baya, nauyi ya tsaya a ƙafar dama, mafi ƙasan da'irar sanda ya koma bayan ƙwallo. Daga nan ɗayan biyu: ko kan ya daki ƙasa kafin ƙwallo, ko ya wuce yana hawa ya shafi samanta. Dukan ƙasa da dukan sama uwarsu ɗaya.

Ana yawan cewa “ka ɗaga kai ne”. Ba kasafai wannan ke zama dalili ba, kuma danne kai da ƙarfi yana hana jiki juyawa, ya ƙara dagula lamarin.

Wud daga ƙasa ba a buga ta kamar direba. Matso da ƙwallo baya, faɗin ƙwallo biyu daga dunduniyar hagu. Rage buɗin ƙafa, rage karkatar jiki, ƙirji ya kusan zama bisa ƙwallo. Kan sanda ya zo a kwance ko yana ɗan sauka, ya taɓa ƙwallo, sannan ya goge ciyawar da ke gabanta, kamar mai shara da doguwar tsintsiya. In ya ɗan ɗebi ƙasa bayan ƙwallo ta tafi, babu laifi, ƙwararru da yawa haka suke yi. Ƙasan kan wud mai faɗi ne, an yi shi don ya zame bisa ciyawa.

Atisayen da ya fi aiki mai sauƙi ne. Ajiye ganye ko karyayyen turke inci 2 ko 3 a gaban ƙwallo, ka sa a ranka shi za ka share. Sannan ka bi tsani: fara da ƙwallo bisa turke rabin inci, in ka buga 5 masu kyau a jere ka ƙara nutsa turken, har ya yi daidai da ciyawa, har ka cire shi. Ka gama kowane bugu nauyinka yana kan ƙafar hagu, dunduniyar dama a sama, cibiya tana kallon inda ka nufa. In ba ka iya tsayawa a haka ka ƙirga uku ba, ƙarfin ya yi yawa.

A fili kuma ka duba zaman ƙwallo kafin ka zaro sanda. In ta nutse cikin doguwar ciyawa, ko tana kan gangara mai sauka, wud 3 ba ta da aiki a wurin.

Wud 3 zan riƙe, ko wud 5, ko wud 7?

A ganina mafi yawan masu dawowa su ajiye wud 3 a gida na ɗan lokaci. Kwanciyarta digiri 15 ne, tsawonta wajen inci 43, kuma daga ƙasa ita ce sanda mafi wuyar bugu a jaka. Wud 5 tana wajen digiri 18, wud 7 wajen 21, kowacce ta fi ta gabanta gajarta. Ga wanda gudun direbarsa bai kai mil 90 ba, digiri 15 daga ƙasa ba ya ɗaga ƙwallo yadda za ta daɗe a iska, shi ya sa za ka ga wud 5 ta kai inda wud 3 ke kaiwa, ko ta wuce, kuma ta fi tsayawa in ta sauka.

Masu ganin wud 7 sandar tsofaffi ce, su tuna Dustin Johnson, ɗaya daga cikin masu dogon bugu a zamaninsa, yana ɗauke da ita lokacin da ya ci gasar Masters a 2020. Haibirid, sandar da ke tsakanin ayon da wud, ita ma zaɓi ce. Ta fi dacewa da mai saukowa a tsaye irin na ayon, wud kuma ta fi wa mai sharewa, kuma ta fi ɗaga ƙwallo.

Direbata tsohuwa ce. Sai na sayi sabuwa?

Ya danganta da tsufan. Kawunan itace sun fara ba da wuri bayan Gary Adams ya kafa TaylorMade a 1979 da direba mai kan ƙarfe. Big Bertha ta Callaway da ta fito a 1991 ana mata kallon ƙatuwa, alhali girman kanta cc 190 ne. Da titaniyom ya shigo kawuna suka yi ta kumbura, har hukumomin R&A da USGA masu tsara dokokin golf suka tsayar da iyaka a cc 460 daga 2004. Tsallen fuska ma an yi masa iyaka. Ma'ana, direba mai cc 460 ta shekara goma da suka wuce, in aka buga tsakiyarta, ba ta bar sabuwa da nisa mai yawa ba. Inda sababbi suka yi gaba shi ne yafiya: bugun da ya kauce tsakiya ba ya asarar gudu da hanya kamar da. In taka ƙaramin kai gare ta, canji zai yi maka amfani ƙwarai. Akwai kuma wasu direbobin farkon shekarun 2000 masu tsallen fuska fiye da ƙa'ida waɗanda ba a yarda da su a gasa, sai ka duba jerin da hukumomin biyu ke fitarwa.

Kafin maganar saye, duba robar mariƙi. Robar da ta yi shekaru a ajiye takan bushe ta yi santsi, sai ka riƙa matse sanda ba ka sani ba, matsewar kuma ta kashe gudu. Canja ta shi ne gyara mafi sauƙi. In direbarka tana da wuyan da ake kuncewa a juya, ƙara kwanciyar fuska zuwa 10.5 ko 12. Ƙota kuma, mai taurin S da ta dace da kai a da mai yiwuwa yanzu R mai ɗan laushi ce daidai, sai dai haruffan nan ba su da ma'auni ɗaya tsakanin kamfanoni, gwaji ne ke raba gardama.

Shawarata kada ka je a auna ka don sabuwar sanda a makon farko. Bugunka na yau ba shi ne na wata biyu masu zuwa ba.

Bayana yana ciwo bayan atisaye. Al'ada ce?

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Ciwo mai suka, ko mai saukowa ƙafa, ko mai ƙaruwa, wannan na likita ne, haka ma in tiyata ko rauni ne ya sa ka hutun tun farko. Ƙasan baya shi ne inda 'yan golf suka fi samun matsala, sai gwiwar hannu da wuyan hannu da kafaɗa. Ƙugu da saman baya ne ya kamata su yi juyin. In zama ya sandarar da su, ƙasan baya ne ke ɗaukar aikin da ba nasa ba, direba kuma ita ta fi kowace sanda neman juyi.

Minti 10 na ɗumama jiki kafin ka taɓa ƙwallo: tafiya da sauri, juya ƙugu, juya kafaɗu da sanda a bayan wuya, kaɗa sanda a hankali ta dama da ta hagu. In jiki ya ƙi juyawa, ɗan buɗe yatsun ƙafafu waje, ka bar dunduniyar hagu ta ɗaga lokacin ɗaukar sanda. Jack Nicklaus haka yake yi.

Ben Hogan ya yi mummunan haɗarin mota a Fabrairun 1949, ya dawo ya ci US Open a Merion a 1950. Tiger Woods an haɗe masa ƙashin baya a Afrilun 2017, sai bayan watanni likita ya ba shi izinin gajerun bugu, direba ta biyo baya, ya ci Masters a 2019. Abin ɗauka a nan jerin matakan ne.

Ana ce mini in rage gudu. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya. Ba gudun ne matsala ba, garajen juyowa daga sama ne. Ƙwararru galibi ɗaukar sandarsu takan ninka saukowa sau uku a tsawon lokaci, masu sauri da masu nawa duk ɗaya. Ƙirga “ɗaya, biyu, uku” zuwa sama, “ɗaya” zuwa ƙwallo. Bugun tsoro, wanda ake lallaɓa ƙwallo don kada ta ɓata, ya fi barin fuska a buɗe.

A filin atisaye ina yin kyau, a ramin farko kuma komai ya watse. Me ya sa?

Domin abin da kake yi a can ba shi ake tambayarka a nan ba. A filin atisaye kana buga direba 20 a jere, ta goma sha biyar ta yi kyau don sha huɗu sun share mata hanya. A wasa kuwa bugu ɗaya ne, bayan ka yi minti goma ko fiye ba ka taɓa direba ba. Ga shi filin atisaye ba shi da gefe, ƙwallon da ta kauce yadi 40 ma sai ka ga kamar ta yi kyau. Tabarmar roba kuma tana yi wa wud ƙarya: kan da ya daki bayan ƙwallo zai zame ya same ta, a ciyawa kuwa da ya nutse.

Raba atisayenka biyu. Rabin farko na gyara ne. A rabi na biyu ka zaɓi alama biyu masu tazarar yadi 30 zuwa 40 su zama gefunan fili, ka buga direba ɗaya, ka canja zuwa ayon, sannan wud, kamar kana zagaya ramuka. Kowane bugu ka tsaya bayan ƙwallo, ka zaɓi wata 'yar alama a ƙasa taku ɗaya a gabanta, ka daidaita fuska da ita kafin ka sa ƙafa.

Kuma ka yi wasa da lanƙwasar da ka zo da ita ranar. In dama take zuwa, kafa turke a gefen dama na wurin farawa, ka nufi gefen hagu na fili. Gyara a bar shi sai an koma atisaye.

To in bar direba a jaka in riƙa farawa da wud 3?

A wasanni biyu ko uku na farko, in hakan zai sa ka ji daɗin zagayen, yi. Amma kada ya zama ɗabi'a. Binciken Mark Broadie na Jami'ar Columbia ya nuna dogayen bugu ne ke kawo kusan kashi biyu cikin uku na bambancin maki tsakanin 'yan wasa, kuma kusantar rami yana da daraja ko da ƙwallo ta ɗan shiga doguwar ciyawa. Ga mai wasan sha'awa, wud 3 ba ta cika fin direba miƙewa da wani abin a zo a gani ba, kanta ƙarami ne, ga asarar yadi 15 ko 20. Ana kafa hujja da Henrik Stenson, wanda ya ci Open a 2016 kuma ya shahara da farawa da wud 3. Shi nasa wud 3 ɗin ya fi direbar yawancin mutane nisa.

Inda ya dace a ajiye direba shi ne ramin da ruwa ko iyakar fili ke daidai inda take sauka.

Koci ko bidiyon intanet?

Koci, ko da zama biyu ne, kuma da wuri, kafin gyare-gyaren da kake ƙirƙira wa kanka su kama jiki. Bidiyo bai ga bugunka ba. In babu koci, ɗauki kanka da waya daga baya da kuma daga gaba, ka riƙe gyara ɗaya tak har mako biyu.

Akwai dokokin da suka canja da suka shafi bugun farko?

In ka bar wasa kafin 2019, akwai. Lokacin neman ƙwallon da ta ɓata ya ragu daga minti 5 zuwa 3. Sakin ƙwallo yanzu daga tsayin gwiwa ake yi, ba daga kafaɗa ba. Awon “tsawon sanda” ya koma tsawon sanda mafi tsawo a jakarka ban da ta jefawa rami, wato direba ga yawancin mutane. Tsarin handikaf na duniya, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewar ɗan wasa, ya fara aiki a 2020, yana ɗaukar mafi kyawun sakamako 8 cikin 20 na ƙarshe, don haka tsohuwar lambarka sai an sabunta ta.

Waɗanda ba su canja ba: sanda 14 ce iyaka, turke kada ya wuce inci 4, wurin farawa zurfinsa tsawon sanda biyu ne daga alamomi zuwa baya, kuma in ƙwallo ta faɗo daga turke kafin ka yi niyyar bugu babu tara. Ƙwallon da ta ɓata ko ta fita iyaka har yanzu tararta bugu ɗaya ce tare da komawa inda aka buga. Wasu filaye suna amfani da dokar gida da ke ba ka damar sakin ƙwallo kusa da inda ta ɓata a kan tarar bugu 2, amma sai ka tambaya, ba ko'ina take aiki ba. In kana shakkar inda bugunka ya sauka, buga ƙwallon wucin gadi kafin ka bar wurin, kuma ka faɗa wa abokan wasa a fili cewa ta wucin gadi ce. In ba ka faɗa ba, ta biyun ce ta zama ƙwallon wasa, kuma bugu na uku ke nan ka yi.